Wasan Sitiyari Ba Wasa Ba Ne

A tashoshin motarmu na karkara akwai wani yabo da ake yi wa direba wanda na daɗe ina jin sa, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba. Za ka ji ana cewa, "Wannan motar ai sai wane, shi kaɗai ya san hannunta." Da alfahari ake faɗa, shi ma direban da murmushi yake karɓa, kamar wanda aka ce ya hore ingarman da ya gagari barga. Amma idan mutum ya zauna ya auna maganar, abin da take nufi shi ne motar ba ta da lafiya, ba ta zuwa inda aka nufe ta sai da lallami, kuma mutum ɗaya ne rak ya haddace irin gardamar da take yi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da wannan mutum, ko gyangyaɗi ya sace shi na daƙiƙa biyu, ko aka miƙa wa ƙaninsa makulli cikin dare, ranar ce za a gane cewa gwanintarsa ce ta daɗe tana rufa wa ciwon asiri.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda direbobi ke kira wasan sitiyari. Ka riƙe mota a miƙe, amma ta riƙa yawo a kan hanya: ta leƙa dama, ka maido ta, ta zarce hagu, ka sake maido ta. Ka juya sitiyari kusan faɗin tafin hannu kafin tayoyin gaba su san an yi musu magana. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba na irin wannan mota ya ga yadda hannun direba ba ya hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya, kullum yana kai da komo kamar mai tankaɗe. Fasinja na ganin haka ya ɗauka tuƙi ke nan. Ba haka tuƙi yake ba. Lafiyayyar mota a kan hanya mai kyau ɗan riƙo kawai take bukata.

Mu mutanen Fagam da kewaye, a Ƙaramar Hukumar Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, mun fi wasu sanin wannan ciwo, domin ƙasarmu ce ke haifar da shi. Ba kamar arewacin jihar mai yashi da shimfiɗaɗɗen fili ba, mu a nan duwatsu muke da su da kwazazzabai da rafuffuka. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyuka, sai ta shiga hanyar burji mai gargada, daga nan ta faɗa turbar shanu da amalanke. Da rani ƙura ce mai laushi kamar gari, wadda take shiga kowace kafa. Da damina laka ce da ruwan rafi, wanda mota kan ratsa har ya shafe mata ƙafa. Ƙaramar mota ba ta jure wannan, shi ya sa abin dogaronmu shi ne motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su tsofaffin Hilux da Land Cruiser. Su ne ke fitar da gero da dawa da gyaɗa da riɗi zuwa kasuwar Sara, su ne ke kai gawa da amarya, su ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ruga a sada ta da asibiti a Gwaram ko Birnin Kudu. Da yake motocin suna da juriya, sai muka ɗauka ba sa gajiya. Injin ne ke da ƙarfin hali. Gaɓoɓin ƙafa kuwa ƙarfe ne ke goga da ƙarfe, kowane rami kuma yana cin nasa rabon.

Gidanmu na da irin wannan mota, Hilux ƙirar farkon shekarun 1990, mai doguwar aksul guda a gaba da sifirin na falle-falle. Yayana ne ke tuƙa ta, ni kuma lissafinta ke hannuna, saboda haka duk abin da aka kashe mata sai ya bi ta littafina. Wata shekara bayan ɗaukewar ruwa, Yaya ya dawo daga kasuwa ya ce mini kafaɗunsa na ciwo, motar ta fara neman fin ƙarfinsa, musamman idan ya hau kwalta ya ɗan taka ta. A cikin jeji, inda ake tafiya a hankali, ba ya jin komai. A kan kwalta ne take bin kowace tsaga, idan babbar mota ta wuce ta kuma sai ta yi kamar iska za ta ɗebe ta.

Shawarwari ba su yi wuya ba. Wani ya ce a matse akwatin sitiyari, aikin minti biyar ne. Wani ya ce a sayo sabon shokoban sitiyari, wato ɗan bututun nan da ke kwance a gaban aksul yana rage fizga. Na uku ya ce a kai ta Kano a ɗora ta a kan na'urar daidaita tayoyi. Kowa ya kawo magani, babu wanda ya ce a duba mara lafiyar. Yaya ya ce shi ba zai sa a taɓa komai ba sai ya kai ta wurin wani dattijon bakanike da ke Birnin Kudu, wanda ya tsufa a kan aikin ƙafar mota. Na bi shi saboda ni ne mai biya. Abin da na gani a wannan yini shi ne dalilin wannan rubutu.

Da muka gaisa, Yaya ya ce, "Baba, sitiyarin ne ya yi sako-sako, ko za a ɗan matse mana akwatin?" Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, in guga bai kawo ruwa ba, ba hannun mai ja ake fara zargi ba. A bi igiyar tukuna." Bai ɗauki ko sifana ba. Ya sa aka ajiye motar a fili mai daidai, tayoyi a miƙe, aka ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji. Ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga, ya riƙa motsa sitiyarin a hankali da yatsu biyu, idonsa a kan tayar gaba. Ya ɗora alli a inda sitiyarin ya fara, ya ɗora a inda tayar ta motsa. Tazarar ta kusa kai faɗin yatsu huɗu. A littattafan gyara na irin waɗannan motoci na Toyota, wasan da aka yarda da shi a bakin sitiyari bai wuce milimita 30 zuwa 40 ba, wato kusan faɗin yatsu biyu. Tamu ta ninka haka. Wannan gwaji ba ya bukatar kuɗi ko na'ura, kowane mai mota zai iya yin sa a ƙofar gidansa.

Daga nan ya fara daga ƙasa, daga taya. Ya ce taya ce kaɗai ke taɓa hanya, don haka ita ake fara tambaya. Ya sa geji ya auna iskar tayoyin gaba, aka tarar ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba. Al'adarmu ce a ƙwanƙwasa taya da ƙarfe a saurari amonta, alhali kunne ba geji ba ne. Adadin iskar da ya dace a rubuce yake a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, mota ta riƙa tsalle-tsalle tana zamewa. In ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwashewa, mota ta riƙa lilo. Direbobin jeji kan rage iska idan za su ratsa yashi, wanda dabara ce mai kyau, amma da yawa kan hau kwalta ba su mayar ba. Dattijon ya kuma shafa fuskar kowace taya da tafin hannu yana neman inda ta cinye gefe guda, sannan ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Taya kan tsufa ko ba a hau ta ba, tayar gwanjo kuwa takan zo da haƙora masu kyau da shekaru masu yawa. Kafin ya bar wurin sai da ya bi notin kowace taya ya tabbatar a ɗaure yake.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi burge ni. Tayoyi na ƙasa, nauyin mota a kansu, ya sa Yaya ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya kwanta a gaban motar da tocila, yana bin hanyar da umarnin direba ke bi kafin ya isa taya. Ya kira ni ya ce, "Malam, matso ka gani, kai ne mai biya." Daga sitiyari akwai sanda mai gaɓa da ta gangara zuwa akwatin sitiyari, wanda aka ɗaure a jikin shasi. Daga akwatin wani gajeren hannu na ƙarfe ya fito, yana tura wata sanda, ita kuma tana tura kan ƙafar gaba ɗaya. Wata doguwar sanda, wadda makanikai ke kira tayarod, ita ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don su juya tare. A ƙarshen kowace sanda akwai gaɓa mai kan ƙwallo a cikin gurbi, cike da giris, an rufe ta da roba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ƙarfe biyu da aka haɗa, dole su tashi tare. Inda duk ɗaya ya motsa ɗaya ya jira, to nan ɓarawon yake. Dattijon kan dafa kowace gaɓa da yatsa, domin yatsa kan ji abin da ido bai gani ba. A kan tayarod na dama ya tsaya. Robar ta yage, ruwan rafi ya wanke giris, ƙura ta shiga ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ina kallo sandar ke motsawa kafin ƙafar ta bi ta.

Na ɗauka an gama, an kama mai laifi. Dattijon ya ce da saura. Ya sa aka ɗaga gaban motar da jak, ya ƙi yarda kowa ya kusanci ƙarƙashinta sai da aka tokare shasin da kututture, domin jak ba abin amincewa da rai ba ne. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. Idan ta yi ƙwas-ƙwas ta wannan fuska, to boris ɗin taya ne ya saki, ko kuma boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa. Don a bambance, sai a sa wani ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne, in yana nan, ciwon na wajen majuyin ƙafa. Sannan ya kama ta dama da hagu ya girgiza, wanda ke tona asirin sanduna da gaɓoɓinsu. Boris ɗin tayarmu ta hagu ya ɗan saki, bai lalace ba, wanki da sabon giris da ɗauri daidai kawai yake so.

Bayan haka ya koma kan abin da ke riƙe da aksul ɗin kanta. A nan ne mutane da yawa ke mantuwa. Ko sandunan sitiyari sababbi ne fil, idan aksul tana yawo a ƙarƙashin mota, to motar za ta yi yawo. Ya zura ƙarfen ɓamɓare taya a kunnen sifirin ya ɗan ɗaga, sai ga bushin ya cinye, abin da ya rage guntun tsohuwar taya ne da wani ya taɓa yankawa ya cusa tun kafin motar ta zo hannunmu. Ɗaya daga cikin notocin ƙarafan da suka rungume sifirin da aksul shi ma ya saki. A motocin da ke da sifirin mai naɗi a gaba, kamar Land Cruiser na baya-bayan nan, akwai wata sanda da ta gitta daga shasi zuwa aksul tana hana ta gocewa gefe, kuma bushin ɗinta ne ake fara zargi. A Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau kuwa babu akwatin nan irin na da, wata doguwar sanda ce mai haƙora ke tura tayoyin, don haka a nan gaɓoɓin ciki da ke ɓoye a robar nan mai kama da zugazugi ake dubawa, da robobin da suka ɗaure ta. Ƙira na sauyawa, amma tambayar ɗaya ce: me ke motsi wanda bai kamata ya motsa ba?

Sai a ƙarshe ya zo kan akwatin sitiyari, shi ma ba cikinsa ya fara dubawa ba. Ya goge shasin da ke kewaye da shi da tsumma, ya haska yana neman tsaga, domin duk ƙarfin juya taya a cikin laka a wannan wuri yake sauka, kuma tsagar kan ɓuya a ƙarƙashin mai da ƙura. Ya gwada notocin da suka riƙe akwatin, da babban notin hannunsa, da gaɓar sandar da ta sauko daga sitiyari. Duk lafiya. Bayan an sauya kan tayarod, an sa sababbin bushin, an ɗaure abin da ya saki, an daidaita iska, ya sake yin gwajin alli. Wasan ya dawo ƙasa da yatsu biyu, ba a ko taɓa akwatin ba.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, wasan sitiyari ba kasafai yake zama laifin abu guda ba. Tarin ƙananan sakaci ne. Gaɓa ta ci kaɗan, boris ya ci kaɗan, bushin ya ci kaɗan, babu ɗaya daga cikinsu da zai tayar wa mutum hankali shi kaɗai, amma idan aka tara su a bakin sitiyari sai su zama yatsu huɗu. Kuma da yake a hankali suke taruwa, mako bayan mako, hannun direba na koyon rama musu ba tare da shi kansa ya sani ba. Shi ya sa mai mota ne mutum na ƙarshe da ke gane motarsa ta lalace. Baƙon da ya karɓe ta yau shi ke gane haka tun kafin ya fita daga tasha.

Wannan ne kuma ya nuna mini haɗarin shawarwarin nan uku da aka ba mu. A saman akwatin sitiyari akwai ƙusa mai noti da ake rage wasan haƙoran ciki da ita. Da yake tana a fili, hannu na kai wa gare ta cikin sauƙi, ita kowa ke fara murɗawa. Idan aka matse ta fiye da kima, sitiyari kan yi tauri, mai mota ya ji kamar an gyara, alhali gaɓar da ta cinye tana nan yadda take. Abin da ya ƙaru shi ne sitiyarin ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, haƙoran ciki kuma su shiga cin juna, a wayi gari an kashe abu mafi tsada don a kauce wa sayen mafi araha. Idan har matsewar ta zama dole, sai bayan an gama da komai, kuma kaɗan-kaɗan ake yi ana gwadawa. Shokoban sitiyari shi ma yana da amfaninsa, yana kare hannun direba daga fizgar dutse, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Sabo kan danne girgizar na ɗan lokaci, kamar maganin kashe zafi ga mai karaya. Daidaita tayoyi kuwa aiki ne na gaskiya, domin idan tayoyin gaba suka buɗe baki suna kallon waje, mota ba za ta miƙe ba. Sai dai daidaita ƙafar da gaɓoɓinta ke rawa ɓarnar kuɗi ce, ramin farko zai rushe aikin. Shi ake yi a ƙarshe, mu ma a ƙarshe muka yi.

Akwai wani dalilin yawon mota da ba a samun sa a gaɓa ko boris, wanda mu da kanmu muke jawowa. Duk wanda ya hau keke ya san yana iya sakin hannu keken ya ci gaba da tafiya a miƙe. Sirrin yana ga yadda ƙafar gaba ta ɗan kishingiɗa baya. Haka ƙafar mota take, an ɗan karkatar da majuyinta baya don taya ta riƙa neman tsakiya da kanta. Idan aka ƙara wa sifirin falle, ko aka tsawaita kunnensa don mota ta ƙara tsayi ta tsallake duwatsu, wannan karkata na iya raguwa, sai a sami mota mai sababbin kaya amma ba ta zama a hanya. Haka nan lodi. Idan aka jibge buhuna a can ƙarshen baya, har aka buɗe murfin baya aka ɗora wasu a kansa, mutum goma suka hau sama, gaban mota kan ɗaga, nauyin da ke danne tayoyin gaba ya ragu. Taya mara nauyi ba ta jin magana, kowane irin sitiyari aka ba ta. Kaya masu nauyi wajen kan mota ya kamata su zauna, kusa da bayan direba. Sai kuma motocin da aka juya wa hannu. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, don haka motar da aka shigo da ita daga ƙasashe irin su Ingila ko Japan, mai sitiyari a dama, akan mayar mata da shi hagu. In aikin ya faɗa hannun gwani, lafiya. In kuwa an yanka an yi walda an huda shasi a inda bai dace ba, ciwon na nan har ƙarshen rayuwar motar. Mai sayen irin wannan mota ya leƙa wurin da kyau kafin ya biya.

Na san abin da ɗan'uwana mai mota zai ce, domin littafin lissafi na hannuna: kayan gyara sun yi tsada, mai ya yi tsada, fasinja ba shi da abin ƙari, kwana ɗaya a gareji asarar kasuwa ce guda. Duk gaskiya ne. Wannan matsi ne ke sa ake dukan gurbin gaɓa da guduma don ya matse, ko a cusa masa leda, ko a sa ƙusar kafinta a gurbin ɗan ƙarfen da ke tare noti. Amma lissafin da na gani da idona ya nuna akasin abin da muke zato. Binciken bai ci komai ba sai lokaci da ladan mai dubawa. Kan tayarod da bushin na cikin kayan ƙafa mafi sauƙin kuɗi, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano aka saye su ko a shagunan kusa, kuma gara mutum ya ƙara kaɗan ya sayi mai kyau, tun da araha ba ta ado. Tayoyin gaba biyu da ƙafa mai rawa ke cinyewa kafin lokacinsu sun fi kuɗin gyaran gaba ɗaya. Wanda ya ƙi gyara don tsimi, yana biya ta wata ƙofar bai sani ba.

Wani kuma zai ce laifin hanya ne, a gyara hanya mota ta huta. Shi ma yana da hujja. Mutanen Gwaram ba za su manta watan Agustan 2021 ba, lokacin da mota ta faɗa gadar da ruwa ya karya a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Hanya da gada haƙƙi ne a wuyan hukuma, ba kuma za mu gaji da tuni ba. Amma noti da giris haƙƙi ne a wuyanmu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, a manyan hanyoyi suke tsayawa, ba za su bi mota cikin jeji su kwanta a ƙarƙashinta ba. Lalacewar hanya dalili ne na a riƙa duba ƙafar mota akai-akai, ba uzurin barin ta ba ne.

Mai karatu ya yi wannan ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana shafe kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan yaro ya ɓullo daga bayan amalanke, ko saniya ta yanko hanya, rabin daƙiƙar da sitiyari ya ɓata yana wasa kafin taya ta amsa mita 11 ce, kuma a cikin mita 11 ake rabuwa da rai. Wannan idan gaɓar ta ci gaba da riƙewa ke nan. Gaɓar da ta cinye sosai ƙwallonta na iya fita daga gurbi gaba ɗaya, a lokacin nan kuwa taya za ta kama gabanta, sitiyari ya zama ƙarfen banza a hannun direba, gwaninta ba ta da sauran amfani. Idan haka ta faru mukan ce tsautsayi ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma tsautsayin da ya yi wata shida yana ƙwanƙwasa ƙofa, muna ji muna ƙara sautin rediyo, akwai tambayar da za a yi mana a kansa.

Roƙona bai da yawa. Mai mota ya yi gwajin alli sau ɗaya a wata, ya kuma sa a duba masa ƙafa sau biyu a shekara, kafin faɗuwar ruwa da bayan ɗaukewarsa. Duk ranar da aka ratsa rafi mai zurfi, a bi gaɓoɓi da giris, a duba robobinsu. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Fagam da Gwaram da Sara da Birnin Kudu, waɗanda ke da ikon hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, su yi amfani da wannan iko su hana motar da sitiyarinta ya wuce yatsu biyu. Makanikai matasa su koyi haƙurin bin igiya daga taya zuwa sama, su daina fara aiki da ƙusar akwati don kawai mai mota na gaggawa. Direbobi kuma su riƙa ba juna motocinsu a ɗan zaga da su, domin hannun baƙo ya fi faɗin gaskiya. Fasinja ma yana da bakin magana, tun da ransa ne a ciki: in ka ga hannun direba na tankaɗe a miƙaƙƙiyar hanya, ka yi masa magana cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.